Rariyar Da Na Toshe Da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da takwas, tela ne ni a Jos, kuma a shekarar ne ɗinki ya buɗe mini sosai. Na samu ɗinkin yunifom na makarantu biyu, na ƙara kekunan ɗinki a shago, 'yan layinmu suka fara kirana oga. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Ni ne babban ɗa, don haka ni ke zaune a gidan da mahaifinmu ya bari a Gada Biyu, ni da matata da 'ya'yanmu da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Marigayi ya gina gidan ne da tubalin jar ƙasa aka shafe da siminti, tun zamanin yana tuƙin motar kuza. Ɗakin Inna ne na can ƙurya, kuma shekara arba'in ke nan tana cikinsa. A nan ta haife mu duka, a nan ta yi jinyar mahaifinmu har Allah ya karɓi abinsa.

Unguwarmu gangare ce, gida bisa gida, kowa ruwan na sama da shi yake karɓa ya miƙa wa na ƙasa. A samanmu akwai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo da mijinta ya rasu, tana da ɗan shagon kayan masarufi, kowa Madam yake ce mata. Bangon bayan ɗakin Inna shi ne iyakarmu da ita, daga nan katanga ta ɗora. A gindin katangar, dab da kusurwar ɗakin, akwai rariya. Idan aka yi ruwa, na gidan Madam ta nan yake shigowa, ya ratsa tsakar gidanmu ta wani ɗan siririn lambatu, ya fice ta ƙofar gida ya faɗa kwata. Haka na buɗi ido na gani, ban taɓa tambayar dalili ba.

Da kuɗi suka ɗan zauna mini sai na ce bari in fitar da gidan nan kunya. Na sa aka yi fenti, aka cike lambatun nan da nake ganin ya ɓata wuri, aka shimfiɗa intalok, ƙananan bulon daɓen nan, mai ruwan toka da ja tun daga soro har ƙofar Inna. Sati biyu ina fitowa da kujera in zauna ina kallon tsakar gida kamar wanda ya sayi sabuwar talabijin. Sai ga ruwan farko na watan Afrilu, irin na Jos mai haɗe da ƙanƙara. Kafin ya ɗauke, rariya ta amayo mini jar laka da ledojin fiyawata da ɓawon lemo, duk ta malale intalok ɗin. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ko takalmi ban tsaya sawa ba na zagaya shagon Madam, na ce mata daga yau ta nema wa ruwanta wata hanya. Ta dube ni da mamaki, ta ce da ni ɗana, da Hausarta ta Jos wadda ba ruwanta da namiji ko mace, wai ina nake so ta kai shi, bayanta dutse ne, hagu da dama gidajen mutane ne. Ta ce in dai shara ce za ta sa raga a bakin rariyar ta riƙa kwashewa da kanta. Na ce ni ba raga nake so ba, ruwan ne ba na so.

Na kira wani tsohon magini da ya yi aiki tare da mahaifinmu, na ce ya zo ya liƙe mini rariya. Baban ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce shi kam ba da hannunsa ba. Ya yi mini bayani dalla-dalla cewa ƙarƙashin gidajen nan shimfiɗaɗɗen dutse ne, in ka haƙa ƙafa biyu ka same shi, don haka ruwa ba ya nutsewa ƙasa kamar yadda yake yi a garuruwan yashi. Ko dai ya samu hanya ya wuce, ko ya kwanta a gindin bangon da ya tare shi. Ya ce abin da ya kamata shi ne a ɗaga layi biyu na intalok, a binne fayif mai faɗi daga rariyar har kwata, a mayar da intalok ɗin, ba wanda zai ma san an taɓa. Ni kuwa da na ji an ambaci ɗaga intalok, kunnena ya toshe. Na sallame shi ina cewa a raina tsofaffin nan ba su san ginin zamani ba. Ranar Lahadi, na bari sai da Madam ta tafi coci, na kwaɓa siminti da kaina, na cusa rabin bulo a rariyar na shafe tas. Tela fa, mai almakashi da tef, shi ne ya zama injiniya. Inna ta leƙo ta ce mahaifinka dai bai toshe wurin nan ba. Na ce mata Inna zamani ya canza, ta saki labule.

Lissafina shi ne ruwa zai cika tsakar gidan Madam, ya dame ta, ba shiri ta nemi mafita. Ya kuwa dame ta. Ta jera buhunan yashi a ƙofar ɗakinta, kuma duk ruwan da aka yi sai in jiyo ta tana kwasa da bokiti tana kai wa titi, mace mai ciwon gwiwa. Sau biyu tana aiko a roƙe ni, na yi kunnen uwar shegu. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne inda ruwan yake taruwa kafin ta kwashe. A jikin bangon Inna yake kwanciya, wuni guda, wani lokaci kwana biyu.

Alamu kam ba irin waɗanda ban gani ba, kuma wannan ne yake ƙona mini rai har yau. A watan Yuni fentin ɗakin Inna ya fara kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, na kira mai fenti na yi masa tatas, na ce ruwa ya tsuga wa fentin. Wani farin abu kamar gishiri ya fito a jikin bango, na sa aka goge. Ƙofar ɗakin ta daina rufuwa, na kawo kafinta ya fere ta, bayan sati uku ta sake cijewa, ya sake ferewa, na ce masa bai iya aiki ba. Bawan Allah ya ce oga ƙofa lafiyarta ƙalau, ginin ne yake motsi, na ce ya tsaya a kan katakonsa. Zannuwan Inna da ke cikin akwati suka yi fumfuna, ita kuma ta kama tari, na ce sanyin Jos ne, na sayo mata rigar sanyi da magani. Matata ta ce mini, baban yara, anya ba rariyar nan ba ce, na ce ita ma ta koma bayan Madam ke nan. Mutum huɗu suna nuna mini abu ɗaya da yatsa, ni ina ta raba musu laifi. Wallahi idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

A watan Agusta aka shiga marka, kwana uku ruwa ba ya ɗaukewa sai dai ya tsagaita. Rana ta uku bayan la'asar ina shago matata ta kira ni a waya, ta ce in zo yanzu. Na iske bangon bayan ɗakin Inna ya dare tun daga ƙasa har kusa da rufi, tsagar da hannuna zai shiga, kusurwar ɗakin ta zauna, kwano ya karkace. Madam ce ta fara ganin bangon yana buɗewa daga ɓangarenta, ta zagayo cikin ruwan nan ba ko lema, ita da matata suka kamo Inna daga kan sallaya suka fito da ita. A shagon Madam na samu mahaifiyata a zaune, an lulluɓa mata zani, an haɗa mata shayi. Matar da na wahalar wata huɗu, kujera ma ta miƙo mini, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe tsohon maginin ya zo. Ya sa diga a gindin bangon sau biyu kawai, ruwa ya ɓulɓulo, ya ɗebo tubalin fandisho, wato harsashin ginin, a hannunsa ya matse, ya fita ta tsakanin yatsunsa kamar kunu. Bai yi mini faɗa ba. Guduma ya miƙo mini ya nuna rariyar, ya ce wanda ya rufe shi zai buɗe. Na durƙusa a gaban maƙwabta na fasa, ruwa ya kwararo da ƙarfi ya bi ta inda lambatun yake a da, ya ɗaga intalok ɗin da na yi duk wannan rigimar saboda shi. Ɗakin kuwa ya ce ba ya gyaruwa, sai an sauke shi gaba ɗaya. Ƙanwata da ke aure a Kuru ta zo ta tafi da Inna. Kafin su tafi, Inna na tsaye a soro aka fara cire kwanon ɗakinta, ba ta yi kuka ba, ta dai ce a bi mata a hankali da ƙofar.

Wata bakwai na yi ina aikin. Wannan karon duk abin da Baba magini ya ce shi na yi: fandisho na dutse da kankare, daɓen siminti zagaye da bango mai gangara zuwa waje, indararo a bakin kwano da zai kai ruwan rufi nesa da gini, ga fayif a ƙarƙashin tsakar gida, ga raga a bakin rariya, abin da aka ce in yi tun farko. Na je na ba Madam haƙuri, ta ce ita ta yafe tun tuni, in je in nemi yafiyar Mama, wato Inna. Na je Kuru na durƙusa, Inna ta ce ta yafe duniya da lahira. Da aka gama na ɗauko ta ta ga ɗakin. Ta shiga, ta shafa bango, ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sannan ta ce in mayar da ita kafin magariba, don ita ba ta san ɗakin nan ba.

Shi ya sa na rubuto, ko wani zai tsira da abin da ni ban tsira da shi ba. Duk rariya ko lambatun da ka tarar a gidan gado, kada ka taɓa sai ka tambayi wanda ya san dalilin yin sa. Kada ka bar ruwa ya kwana a gindin bango, naka ne ko na maƙwabci, don bangon bai san na waye ba. Ka yashe kwata kafin damina, kuma idan fenti ya fara kumbura daga ƙasa ko ƙofa ta fara cijewa, ka zagaya bayan ɗakin ka duba kafin ka ɗaga wa ma'aikaci murya. Ni taurin kai da son a ce gidana ya fi na kowa ne suka kai ni, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Yau damina biyu ke nan ɗakin a bushe yake ƙayau, matata tana share shi kullum, ba mai kwana a ciki. Duk Juma'a sai na hau mota zuwa Kuru kafin in gaida mahaifiyata.