Dosiyen Tarkace

Ranar da na fara jin kalmar nan "diber" ba ta fita raina ba har yau. Shekarar da aka rufe iyakar Najeriya ce, gero ya yi tsada, damina biyu bayan rasuwar maigidana.

Ku yaran yanzu kun tarar da porje, aikin taimakon nan namu, a gyare. Lokacin ni ce animatiris, mai wayar da kan matan makiyaya. Ban yi karatun lakwal ba, ban kuwa taɓa jin kunyar haka ba. Aikina in bi rugage a arewacin Tagriss, in ga awaki da idona, in komo biro, ofishinmu nan Dakoro, in faɗa wa akawunmu Mushe Sanusi, shi ya zuba cikin ordinatar, injin nan mai ƙwaƙwalwa. Abin da ya zuba shi ke zama tablo, hoto mai launi: tsanwa lafiya, ja yunwa. Da shi diraktar ke sanin inda za a kai dusar bisashe.

Da fari tablo kaɗan ne. Sai suka yi ta haihuwa, na allura, na rijiyoyi, na kasuwa, har diraktar ya ce ya gaji da lalube. Sanusi ya rarraba su cikin dosiye, kamar taskira-taskira cikin injin, kowace kwamin, wato gunduma, da tata. Ya nuna mani, na yaba. Ni ma haka nake jera kwanonina.

Rani ya tsananta. Motar dusa ta tafi Rumbu, ta komo, ta sake tafiya. Wajen mutanena shiru. Ranar kasuwa Altine, shugabar matan wata ruga, ta tare ni bakin kara, inda ake saida bisashe.

"Inna Tsahara, kin ƙirga awakinmu ne don ki san nawa za su mutu?"

Na wuce biro ko mayafi ban gyara ba.

"Sanusi ɗana, buɗe mani mutanena."

Ya buɗe dosiyen Tagriss, babu su. Can ƙasan ƙasa ya taɓa wani, sai ga tablonsu ja wur, yana zaune tare da na man mota da na karyayyun kujeru.

"Mi ne sunan wannan taskirar?"

"Diber, Inna."

"Da Hausa."

"Wato... sauransu."

Illa direba na bakin ƙofa da kofin shayi, ya ce, "Faɗa mata gaskiya, Mushe. Tarkace."

Sanusi ya rantse ba raini ba ne. Makiyaya yau suna wannan kwamin, gobe suna waccan, shi kuma ya tsara kowane tablo da gida ɗaya. Diraktar kuwa dosiyen kwamin kaɗai yake buɗewa ranar rabo.

Na ce, "Wanda ba shi da gida ɗaya, bisashensa ba su da ciki ke nan?"

Na shiga wajen diraktar ba sallama. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita gaban yara ba. Kashegari mota ta ɗauki ragowar dusa ta yi arewa, ragowar kuwa ba ta cika bayan mota ba. Kafin ta isa, Altine ta saida awakinta kuɗin fata.

Da aka zo sake wa dosiyen suna, ma'aikatan biro suka yi ta gardama da Faransanci. Ƙarshe suka ɗora shi saman sauran, suka rubuta TSAHARA. Diraktar ya ce wannan sunan dai ba ya mantawa da buɗe shi. Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Abin da na koya, a wannan aiki ba sai an ƙi ka ba kafin a kashe maka bisashe. A sa ka taskirar da ba a buɗewa ya isa. In an nuna maku jeri mai kyau, ku ce a buɗe na ƙasa tukuna.

Diraktar ya rasu, Allah ya jiƙansa. Sanusi na Yamai. Illa na nan da shayinsa. Altine ma tana raye, muna gaisawa ranar kasuwa, amma ko akuya ɗaya ba ta sake bari na ƙirga mata ba.