Asabar Bakwai da Ban Zo Ba, Adda Safiyyatu

Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, ina dawowa daga makaranta na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanku da ke Bagadaza, maza na zaune jugum. Ƙawata Najeeba ta riƙe mini hannu ta ce, "Lubna, Adda Safiyyatu ta rasu." Na ji labarin kin kwanta, amma na ɗauka zazzaɓi ne irin wanda ake tashi. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma duk yaran layinmu Adda muke ce miki. Ɗinki ne sana'arki, rediyo kullum a gefen kekenki. Da kin ji ana hira da wani marubuci sai ki ɗage ƙafa daga keken, ki rubuta shawararsa a guntun kwali, ki jefa cikin gwangwanin madara. Ranar Asabar bayan la'asar mu biyar muke zama a gabanki. Ɗaya ta zaro kwali, ke kuma ki mai da shawarar aikin da za mu yi a makon.

Ina aji shida na firamare na fara zuwa. Aikina na farko shi ne in kwatanta Innata ba tare da na ce tana da kirki ba, don wani marubuci ya ce a nuna abin da mutum yake yi, a bar mai karatu ya yanke hukunci. Kwana uku ina kallon Inna. Na rubuta yadda take cewa ta ƙoshi duk ranar da abinci bai kai ba. Da kika karanta sai kika ba ni sabon littafin rubutu mai shafi tamanin.

Ban taɓa iya karanta nawa a gaban mutane ba. Ke kike karanta mini, ni kuwa in cusa fuska a hijabi. Kina cewa, "Ku ƙyale ta, bironta ya fi ta baki."

Sai ranar da kwalin ya ce marubuci ya zauna inda mutane ke hira, ya rubuta maganarsu yadda ta fito, kada ya gyara musu. Na tafi wurin injin markaɗe, na zauna a bayan maƙwabciyarmu Goggo Yelwa da Maman Chidiogo mai shago.

Goggo ta ce, "Maman Chidiogo, kin ci tuwon sunan gidan Ɗantala? Miyar kamar tukunya suka ɗauraye suka zuba mana."

"Haba Goggo, ai sau biyu na ga kin miƙa kwano."

"To in bar musu ne, su yi asara?"

Haka na rubuta, har da sunayen kowa. Ni a ganina sauya suna ma gyara ne, kuma an ce kada a gyara. Ranar Asabar kika fara karantawa, yara suka fashe da dariya, kafin ki tsaya sunayen sun riga sun fita. Cikin kwana biyu magana ta kai gidan Ɗantala.

Asabar ta gaba muna zaune Goggo Yelwa ta shigo ko sallama babu. "Safiyyatu, makaranta kika buɗe ko gidan gulma? Ina 'yar da ke bin mutane da biro?"

Kika tashi daga kan keke, kika durƙusa a gabanta, ke da kike da 'ya'ya biyu. Kika ce, "Goggo, ni na aike ta. Ni ce ban koya mata yadda ake sakaya suna ba. Ni za ki yi wa faɗa."

Ganin gwiwoyinki a ƙasa saboda ni, sai na fita da gudu, na bar littafina a tabarma.

Daga ranar ban koma ba. Na daina bin ƙofarku, nake zagayawa ta bayan masallaci. Sau biyu kika aiko Najeeba ta kira ni, na ce kaina ke ciwo. Ba fushi nake yi ba, Adda. Kunya ce. Na ɗauka idan kika gan ni durƙuson nan za ki tuna. Kowace Asabar sai in sa hijabi, in tsaya a zaurenmu, in ce sai mako mai zuwa. Haka bakwai suka wuce.

Ranar addu'ar uku Inna ta ja ni muka shiga gaisuwa. Kekenki na nan an lulluɓe shi da zane. Mahaifiyarki ta miƙo mini littafina, ta ce a cikin aljihun keken aka same shi. Da na buɗe sai na ga kin bi hirar nan da jan biro, kin soke sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, kin sa waɗansu. Ban da su ba ki taɓa ko harafi ba. A ƙasa kika rubuta: "Kunnenki na da kyau ƙwarai. Suna kawai ake sauyawa. Ki zo ki karanta mana da bakinki."

Goggo Yelwa na zaune a gefe, idonta ya kumbura. Na matsa na durƙusa na ba ta haƙurin da ya kamata tun farko ya fito daga bakina. Ta dafa kaina ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ai ba ki yi mini ƙarya ba."

Ina ma ranar kina nan, Adda. Akwai tambayoyi da yawa da na tara miki, yanzu ban san wa zan kai wa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki Malam Bappayo, da 'ya'yanki Anas da Zulkifilu. Allah ya ba su haƙuri, ya raya yaran cikin kulawarsa. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya suturta ki kamar yadda kika suturta ni a gaban mutane, ya sa Aljanna ce makomarki.

Wannan takarda na karanta ta jiya a tsakar gidanku, a gaban mahaifiyarki da 'yan ajinmu na Asabar su huɗu. Sau uku ina tsayawa, amma na kai ƙarshe. Na makara, Adda. Ki yafe mini.