Rumbun Baƙo da Manhajar Oga Emeka

Kakata Ayya ba ta yarda da abin da ya zo da sauƙi ba. A ƙauyenmu kusa da Mahuta, in an gama cin tuwo, takan zauna gefen murhu tana ɓare gyaɗa, mu jikoki mun kewaye ta. Hausarta gauraye take da C'lela, yaren yankinmu, kuma kafin ta fara sai ta dube mu ɗaya-ɗaya kamar mai neman ɓarawo, ta ce, "Ga ta nan tafe. Wanda ya yi barci, shi ya sani."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wani manomi da baƙo ya sauka gidansa da kaka. Baƙon ya ce zai gina masa rumbu kyauta, mai ƙofofi da yawa. In ka zuba hatsi, rumbun da kansa zai ware dawa gefe, gero gefe, ya kori ɓera da gara. Manomi ya ga abin da idonsa, ya kwashe amfanin shekara ya zuba. Matarsa ce kawai ta tambaya, "To, yaya ake fitarwa?"

"Ku kira ni, in yi wa ƙofa magana," in ji baƙon.

A nan Ayya takan daina ɓare gyaɗa. "Kun ji? Sai da muryarsa. Hatsin wa? Muryar wa?"

Damina ta faɗi, baƙo ya yi gaba, ba wanda ya san garinsu. Manomi ya roƙi ƙofa, ya zage ta, ya sare ta da gatari, ko gezau. Yana jin ƙanshin dawarsa ta cikin bango, 'ya'yansa suna kuka. Ɗan abin da matar ta ɓoye a tukunyar ƙasa shi ya kai su kaka.

Lokacin mun ɗauka labarin aljani ne.

Yanzu ni malamin gona ne a Zuru. Ina zagaya Kanya da Wasagu ina rubuta abin da manoma suka faɗa mini: irin da ya yi kyau, tsutsar da ta ci masara, wanda na yi wa alkawarin komawa. Takardu suka yi mini yawa, ruwa ya jiƙa wasu, sai na je shagon Oga Emeka mai sayar da waya ya sa mini abin rubutu a wayata.

Ya nuna mini wata manhaja mai launi-launi. "Malam, wannan ita ce ta zamani. Ka rubuta kawai, ita za ta jera maka komai. Kyauta ce!"

Na ce ya kashe data mu gani. Ya kashe, ta ƙi buɗewa. Na ce in na canja waya fa, ko masu ita suka rufe? Ya sosa ƙeya, ya ce bai taɓa tambaya ba.

Na zaɓi wata marar ado: farin shafi, babban fayil ɗaya ga kowane gari, tana aiki ko a dajin da babu sabis. Na sa ya kwafe rubutun gwaji a katin memori, muka buɗe a wayarsa, ya fito daidai. Har yau ban sani ba ko waccan mai launin za ta cuce ni. Wataƙila ba za ta yi ba. Amma maganar manoma amana ce a hannuna, ba zan ajiye ta inda sai na nemi izini kafin in gan ta ba.

Oga Emeka ya miƙo mini wayar yana dariya. "Kai Malam, ba ka yarda da kowa ba."

Na ce, "Na yarda da kai, Oga, na san shagonka. Mai manhajar ne ban san garinsu ba."