Kunyar Ɗan Fari a Layin Awo

Ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, shekarata ta biyu a ƙaramin asibitin majami'armu da ke kan hanyar Basirka. Ku da kuka zo bayana kun iske ana cewa Saratu ba ta da kunya. To, ga inda maganar ta samo asali.

Ni ba malamar asibiti ba ce, a aji huɗu na tsaya. Aikina shara da wanki. Ran Talata kuma, ranar awon yara, ni ke raba lamba a bakin ƙofa, in rataya yaro a sikeli, shugabanmu Malam Ishaya ya rubuta nauyin a kati. Ƙa'ida kowa ya bi lambarsa, sai yaron da uwarsa ta ce jikinsa ya yi tsanani, shi ake shigarwa gaba. Ba ni da ikon duba kowa.

Sai kun san abin da ya kawo ni aikin tukuna. Ɗana na fari ya rasu yana wata bakwai. Kwana uku yana gudawa a gidan surukaina. Kun san al'ada, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi a gaban manya. Mu masu zuwa sujada ma ba mu bar ta ba. Uwar mijina ta ce haƙori ne. Ina kallo maɗigarsa tana loɓawa, na ja bakina don kada a ce ba ni da kunya. Rana ta huɗu aka fita da gawarsa. Har yaba mini aka yi, wai ban yi kuka a gaban mutane ba.

Wata biyar ban taka majami'a ba. Da na koma, ƙorafi na kai. Na durƙusa na ce, "Yesu, kai ka ba ni baki, don me ka bar ni na rufe shi?" Ban ji amsa ba. Amma na tashi da abu ɗaya a zuciya: bakin da na hana ɗana, zan ba 'ya'yan wasu. Da aka nemi mai shara a asibiti, ni na fara zuwa.

A wannan Talata wata tsohuwa ta zo daga wajen Fagam goye da jariri, ta karɓi lamba ta talatin da biyu. A bayanta akwai wata yarinya mai suna Hadiza, matar ɗanta. Hadiza ta zauna can ƙarshen benci, ta juya wa jaririn baya tana kallon katanga, kamar ba ta san shi ba.

Na ce, "Inna, yaya jikin yaron?"

"Lafiya lau. Awo muka zo."

Na wuce. Amma idona ya ƙi barin Hadiza. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, tana ta jan mayafi tana rufewa. Nono ba ya zuba haka sai yaro ya daina sha. Kuma tun da suka zauna ban ji goyon nan ya yi ko tari ba.

Na tsuguna kusa da ita. "Kwana nawa bai kama nono ba?"

Ta sunkuyar da kai. Sai ta ɗaga yatsu biyu a ƙarƙashin mayafi, yadda tsohuwar ba za ta gani ba.

Tsohuwar ta gani. "Ke yarinya, me kike tambayarta? Ɗan fari ne. Ni za ki tambaya."

"Inna, kwance shi in gani."

"Ke likita ce? Ba tsintsiya na ga kin ajiye ba yanzu?"

Matan layi suka yi dariya. Ban san sanda na kai hannu na yaye zanen goyon ba. Maɗiga ta faɗa kamar an danna ƙullu da yatsa, idanu sun zurma. Na sunkuci yaron na banka ƙofar Malam Ishaya, yana tsakiyar duba wata.

"Saratu! Lamba nawa?"

"Talatin da biyu, Malam. Ba zai kai a kira ta goma ba."

Ya dubi yaron sau ɗaya, ya ajiye biro. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka nemo mota zuwa babban asibitin Birnin Kudu. Da za a rubuta takarda Malam ya tambayi suna. Tsohuwar tana waje tana ta faɗa, sai Hadiza ta buɗe baki ta ce, "Sani." Ta sake cewa, "Sani," ba wanda ya tambaye ta.

Yaron ya rayu. Kada ku ɗauka an gode mini. Bayan sati mijin tsohuwar ya kawo ƙara, wai mai shara ta yaye wa matarsa zane a bainar jama'a, ta kuma lalata musu tarbiyyar suruka. Malam Ishaya ya kira ni ofis.

"Kin ceci rai, ban musa ba. Amma in mutanen ƙauyen nan suka yi fushi suka daina kawo yara, wa za mu ceta? Ki huta wata guda."

Na ce, "To, Malam." Me zan ce? Ina da 'yar shekara ɗaya a gida, wadda ko atishawa ta yi sai na taɓa kanta. Na tafi na yi watan, aka dawo da ni bakin ƙofar nan.

Ba zan ce muku Ubangiji ya ɗauki ɗana don Sani ya rayu ba. Masu wa'azi sun sha gaya mini haka, ban karɓa ba, kuma na gaya masa a addu'a. Abin da na sani, ya ɗauko ni daga bakin kabari ya tsayar da ni a bakin ƙofar nan, kuma ba zan matsa ba.

Ku sababbi, in mace ta ce lafiya lau, kada ku tsaya a bakinta. Ku dubi wa ke goye da yaron, ku dubi wadda ta juya baya, ku dubi gaban rigarta. In ta kama a yi rashin kunya, ku yi. Za a zage ku, zagi ba ya kisa.

Ɗana bai samu wadda za ta yi masa rashin kunya ba. Sunansa Bitrus. Yana raye ban taɓa faɗa ba.