Mai Majanyi a Tashar Ramsis

A tashar Ramsis ta ƙasar Masar, inda jirgin ƙasan Aswan ke tsayawa, akwai wata mata da ba ta iya zama. Doguwa ce siririya, silifas ɗinta ɗaya an ɗinke shi da waya. Ta ɗaure majanyi tamau a ƙirji kamar mai goyo, amma bayanta ba kowa. Tana kai da kawowa, tana jijjiga, tana kai hannu baya tana bubbuga iska.

Mu ɗaliban da ke yi wa 'yan gudun hijira tafinta mun saba ganinta. Abokina Hassumi ya ce 'yar Chadi ce, yaƙi ta gudo wa ta hanyar Sudan, kuma a kan iyaka turmutsitsin shiga jirgin ruwa ya raba ta da 'yarta. Ni dai na kasa tambayarta.

Yau na miƙa mata shayi. "Inna, ki kwance majanyin nan ki sha iska mana."

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗana," in ji ta, idonta na kan ƙofofin jirgi. "In na kwance, bayana zai manta da ita."

Fasinjoji sun fara sauka. Ta ajiye shayin, ta ƙara tamke ɗaurin.