Bangon da Aka Cire

Hayaƙin turaren wuta ne ya fara tona asirin gidan. Kwana uku da tarewarmu, da hantsi, na zuba garwashi a kasko ina zagaya ɗakuna, kamar yadda Inna ta ce a yi wa sabon gida har kwana bakwai. Da na iso tsakiyar salon, wato falo, sai na ga hayaƙin ya ƙi bazuwa. Ya tashi ya taɓa silin, ya miƙe siriri kamar zare, sannan ya shige inda idona bai ga ƙofa ba. Tagogi a rufe, fanka a kashe. Na ɗaga kaskon sama. A nan na ga tsagar, ba ta fi kaurin gashi ba, ta ratsa sabon farin fenti daga wannan bango zuwa wancan.

Cikina wata bakwai a lokacin. Mijina ya koma bakin aikinsa a Saudiyya washegarin tarewarmu, ni kaɗai ce a gidan.

Ginin na wata unguwa ce ta manya a Khartum, inda itatuwan maina suka rufe titi, ba ka jin kukan jaki sai ƙarar mota. Tun zamanin Ingilishi aka gina shi, kafin babban yaƙin duniya, shagga shida, wato sassan zama shida, a hawa uku. Tamu ce ta ƙasa. Wanda ya sayar mana ya gyara ta tsaf kafin ya bar ƙasar: fenti, famfuna, fitilu, komai sabo. Ranar da muka je gani, dillalin ya tsaya a tsakiyar salon ya ware hannuwa.

"Dubi faɗi, ya madam! Ɗaki biyu ne aka mayar ɗaya."

Da kunnenmu muka ji wannan maganar, muka kuma yi murna da ita.

A irin wannan gini kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum. Mazauna ne ke da ginin gaba ɗaya tare, suna da kwamiti, sai sun gan ka sun yarda. Dillalin ya ja mijina gefe ya ce a zo da dattijo mai rawani, wanda Larabcinsa ba zai sa a ɗaga gira ba. Sai aka tafi da Kawu, malamin makaranta, aka bar Baba a gida. Baba kuwa magini ne. Tun da ya bar gonakin auduga na Jazira yake ɗora bulo a Bahri da Umdurman, siminti ya cinye masa tafin hannu, Larabcinsa kuma Hausa ce da ta sa jallabiya. Ni aka aika in gaya masa ba sai ya wahalar da kansa ba. Yana ɗaura takalmi bai ɗago ba.

"To, Uwata. Allah ya sa alheri."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Bayan ranar hayaƙi na fara lura. Ƙofar ɗakin kwana, wadda ke buɗewa cikin salon, ta soma goga daga sama. Da safe sai in tarar da farar ƙura a kan faifan shayi, in share, da yamma ta dawo. Wani lokaci da tsakar rana, gida shiru, sai in ji ƙas, sau ɗaya, kamar an taka busasshiyar kara.

Ranar Laraba na hau sama gaida Hajiya, tsohuwar da ke zaune a kanmu, mahaifiyar Ustaz shugaban kwamiti. Shaggarta irin tamu ce sak, sai dai nata ɗakunan biyu ne. Bangon da babu shi a wurina yana nan tsaye a wurinta, mai kauri, a kan silin ɗina. A jikinsa kuma an jera ganguna huɗu cike da ruwa, saboda famfo na yawan ɗaukewa.

"Jibi Juma'a muna da walima, ƙanen Ustaz ya dawo daga Umra," in ji ta. "Mata za su cika ɗakin nan. Ki hau ki ci, ki ga mutane, kina ta zama a ƙasa kamar mai takaba."

Na dubi gangunan, na sha shayina, na ce insha Allahu. Ban yi mata maganar tsagar ba. Tsoro nake a ce Fallata, kamar yadda suke kiran mu Hausawan ƙasar nan, ko mako ba su yi ba sun fara ƙorafi.

Washegari na hau hafila zuwa Umdurman. Na sami Baba yana wanke cebur a tsakar gida, na ba shi labarin hayaƙin ina ɗan dariya, don kada ya ce ciki ne ke sa ni gane-gane. Bai yi dariya ba.

"Tayal ɗin ƙasa, akwai layin da launinsa ya fita daban?"

Na ce akwai, daidai ƙarƙashin tsagar.

"Me aka sa a madadin bangon? Ƙarfe?"

Na ce ban sani ba, fenti kawai na gani.

"A nan za ki kwana."

Da safe muka tafi tare. Shi ne zuwansa na farko. A bakin ginin ya ce in tsaya a inuwa, shi zai zagaya ya duba ta baya. Da na yi biyayya, da ba ni da labarin bayarwa. Amma katin awona yana ciki, da kayan jariri da Inna ta ɗinka. Na ce minti ɗaya ne. Na ratsa salon, na shiga ɗaki, na tura ƙofa don in sauya mayafi. A sama ana jan kujeru, ana daka a turmi, takun ƙafa sai ƙaruwa yake.

Wannan karon ba ƙas ba ce. Doguwar ƙara ce, mai nishi, sai zubar ƙasa a salon kamar ana zazzage buhu. Na kama mariƙin ƙofa na ja. Ko motsi. Na sa hannu biyu.

"Uwata! Kina ciki?"

"Baba, ta ƙi buɗewa."

"Saki! Saki ƙofar nan. Yanzu ita ke ɗauke da abin da ke kanta." Ban taɓa jin muryarsa haka ba, a hankali, kamar mai lallashin maciji. "Koma kusurwar da ke jikin taga. Ja katifa ki rufe kanki. Kada ki taɓa komai."

Tagar tana da ƙarafuna tun na Turawa, hannu kaɗai ke fita. Na zauna a ƙasa, katifa a kaina, ɗan cikina yana harbi.

Na ji gudunsa a matakala. Na ji ya buɗe murya da Larabcin nan da muka ɓoye, duk ginin ya amsa. Na ji Ustaz yana cewa, "Kai wane ne? Wa ya ba ka izinin shigowa?"

"Ni ne uban wadda ke ƙarƙashin ƙafafunku! A daina daka. Kowa ta cire takalmi, ɗaya bayan ɗaya, a bi jikin bango!"

Turmi ya yi shiru. Na riƙa ƙirga takunsu a kaina, kowane taku ƙura na sauka a kan katifa. Ya hana a ja gangunan, sai aka zura tiyo, ruwan ya riƙa zuba ta gaban tagata. Wani ya ce a fasa ƙarafunan tagar a fitar da ni. Baba ya ce duk wanda ya ɗora guduma a ginin nan shi ya kashe masa 'ya. Ustaz da kansa ya tuƙa mota zuwa Bahri ɗauko abokan aikin Baba da turakun ƙarfe.

Aka kira sallar Juma'a. Titi ya yi tsit. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera bakin tagata, ta zura hannu ta kama nawa. Tana salati, tana yi mini faɗa a tsakani.

"Kin gani kika yi shiru? Kika sha shayina kika sauka? Ya bitti, 'yata, baki don me aka yi shi?"

Duk lokacin da silin ya yi ƙara, sai ta matse yatsuna har su yi zafi. Ina kallon tsaga sabuwa tana tahowa daga saman ƙofa, a hankali, zuwa inda nake. Har yau, ko a gidan wa na shiga, sama nake fara duba, kuma ban iya kunna turare in tsaya in kalli hayaƙinsa.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Na dai ji shigowar ƙarfe, na ji Baba yana cewa a murɗa kaɗan, a tsaya, a sake murɗawa. Na ji Ustaz yana tambayarsa, da sunan da ake girmama babban magini da shi, "A nan, ya mu'allim?" Ana kiran la'asar sai ƙofar ta yi wani ɗan numfashi, ta saki. Aka zare ta daga jikin bango gaba ɗaya.

Turaku shida ne tsaye a tsakiyar salon ɗina, a kan layin tayal ɗin nan. A sama, inda fenti ya zube, tsohon katako ne guda ɗaya, ya rabe biyu. Baba yana tsaye a tsakaninsu, gemunsa fari fat da ƙura. Ya miƙo mini hannun nan da siminti ya ci.

"Taso, Uwata. Ya tsaya. Ba abin da zai same ki yanzu."