Gwangwanayen Baba Nomau

Ranar Laraba, 9 ga Afrilu 2025, Allah ya karɓi ran Baba Nomau, tsohon mai haska fim a sinimar unguwarmu ta Zinder. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Baba, tun da muka kai ka makwanci ban samu natsuwa ba. Ba rashinka kaɗai ba ne, tsoro nake ji.

Mutane sun ɗauke ka mai tara tarkace. Ina suka san abin da ke cikin gwangwanayen nan? Finafinai ne da wasu samarin garin nan suka ɗauka da ƙaramar kyamara tun kana saurayi, ba a taɓa nuna su a sinima ba. Babu jarumi, babu waƙa, labari ma babu. Wani ƙafafun masu cin kasuwar Dole ne kawai, wani an kankare shi da allura sai walƙiya yake yi. Har garin Dakusa ka je don karɓo guda ɗaya kafin yara su warware shi.

Wata rana ka zaunar da ni a soronka, ka haska wanda babu komai cikinsa sai inuwoyin mutane a bangon Birni. Inuwar wata mace ta gifta da tulu a ka, tana ɗan ɗingishi. Ka ce, "Hassan, ka gane ta?" Innata ce, wadda ta bar duniya ba hoto ko ɗaya. Tun daga ranar, duk sanda kewarta ta taso mini ka kan haska mini ita, ba ka taɓa nuna gajiya ba.

Kai ka gaya mini zafi ne ajalin finafinan nan, shi ya sa kake adana su cikin randunan ƙasa a ƙuryar soro. Yanzu ga rabon gado ya matso. Za a fito da komai tsakar gida a jera, malamai su duba, kowa ya ɗauki nasa. A wannan bazarar, Baba! Jiya na leƙa, na tarar an soma fitarwa, har na ji warin tsamin nan da ka ce in ya tashi, fim ya kama hanyar lalacewa. Na yi wa ɗanka Rashid magana, ya ce haƙƙin magada ne. Gaskiyarsa, ni ba magaji ba ne. Kuma wallahi ban san gwangwanin da inuwar Innata take ciki ba, kai kaɗai kake gane su.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Allah ya ba matarka Inna Wasila da Rashid da sauran iyali haƙuri. Roƙona ɗaya gare ku magada, don Allah ku jera su a inuwa. Na binne Innata sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba.